Dambuna da Injin Sale

Sana'ar nan wahala ce, tun daga farkonta har inda nake tsaye a cikinta yau. Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke cika min benci a tashar Ƙaraye, ba ku saye, sai nuna min waya, wai ga wata a bidiyo ta yi dambun nama kafin shayi ya huce. Wai ai ba komai ba ne, a dafa, a daka, a soya. To ga taɓarya can a jingine. Ku daka min cinyar taure ɗaya, in kun iya ɗaga hannu kun yi kabbara washegari, sai mu yi magana. Ni ne Haladu, mutumin Yola, Yolarmu ta nan Ƙaraye, kuma dambun naman akuya nake yi tun gemu bai fito min ba.

Aikina na farko wankin tukunya ne a gidan Baba Ilu. Mahauci ne a Gwangwan, ta ƙasar Rogo, abokin mahaifina, wurinsa aka kai ni da aka ga makaranta ta ƙi ni, ni ma na ƙi ta. Tukunyar nan in na sunkuya ciki ƙafafuna kawai ake gani. Da toka da yashi ake goge ta. In ya zo ya shafa yatsa ya ji santsin mai, ba zagi, ba duka, sai ya ce, "Haladu, miyar gobe ka ajiye mana?" Sai a koma daga farko. Na daɗe a bakin tukunyar nan kafin ya yarda na taɓa nama.

Ranar da ya fara tafiya da ni kasuwar Rogo sayen dabba, wani dillali ya jawo mana ƙaton taure baƙi, gashi na sheƙi, yana rantsuwa tun yana ƙarami aka fiɗiye shi. Baba bai duba haƙori ba, bai ɗaga shi ya ji nauyi ba. Tafin hannu ya sa ya murza bayan ƙahon, ya kawo min hanci. Wari ya bugi kaina har idona ya kawo ruwa.

"Wannan bunsuru ne da aka yi wa aski jiya," in ji Baba. "Mayar da abinka, malam."

A hanya ya ce min, a tsire kana iya ɓoye bunsuru da ƙuli da hayaƙi. A dambu ba ka iyawa, domin in ka daka shi warin ya shiga ko'ina, duk cittar kasuwa ba ta fitar da shi. Har yau ban sayi dabba ban shinshina hannuna ba.

Tsoka zalla ake so, ta cinya da ta gadon baya. Kitse a cire, jijiya a cire, farar fatar nan da ke manne da nama a bi ta da wuƙa a zare. Kai da ƙafa da kayan ciki a sayar wa masu farfesu. A zuba a tukunya da albasa da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa da gishiri, ruwa daidai kan nama, kada ya haura. Ba a tsiyaye romo. Wanda ya tsiyaye romo ya zubar da dambunsa, abin da ya rage masa tsumma ne. Sai a bari ruwan ya tsotse ya koma cikin naman. Da zafinsa ake kai shi turmi, yana ƙona hannu, don in ya huce ya rufe ke nan, ba ya buɗewa. Kuma ba dakan hatsi ba ne da za ka ɗaga taɓarya sama ka maka. Bugu ne gajere, ka murɗa, ka juya, ka sake, har naman ya warware kamar audugar da aka tsefe. Baba yakan ɗebi kaɗan ya ɗaga wa rana. In ya ga haske ta tsakanin zaren, ya yi. In dunƙule ne, ya mayar turmi. "Dambu zare ne," haka yake cewa. "Wanda ba zare, a nemo masa wani suna."

Sai suya. Man gyaɗa na matan garinmu masu ƙuli-ƙuli, wutar itacen marke can ƙasa-ƙasa, muciya a hannu, ba tsayawa. Ko wa ya yi sallama da baki za ka amsa. Kunne ne ke gaya maka ya soyu: da farko yana cuu-cuu, in ruwan jikinsa ya ƙare sai ya koma ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Ka kwashe, ka zuba a farin ƙyalle, ka matse mai, ka baza a faifai. Kada ka rufe da ɗumi. Zai yi gumi, ya yi hunhuna a hanya, ya ɓata maka suna a garin da ba ka taɓa zuwa ba.

Ban da wahalar jiki akwai ta baki. Namiji da taɓarya a ƙauye, kun san abin da ke biyo baya. In ina daka a ƙofar gida sai matan da za su rijiya su tsaya. "Haladu, sannu da aiki, 'yar albarka. In kin gama ki zo ki surfa min gero." Dakana nake yi.

Sale ya zo bayana. Ɗan cikin garin Rogo ne, ƙanina ne a shekaru nesa ba kusa ba, don haka Yaya yake ce min, kuma har yau bai daina ba. Ni na koya masa riƙe wuƙa. Ni na nuna masa inda jijiya take ɓoye a cinya. A turmi kuwa ba abin da ya iya. Bugu kaɗan sai ya dafe ƙugu, ya fara ba da labari, Baba na dariya har da share hawaye, naman na hucewa, ni ne zan karɓa in ƙarasa. Ni da na yi shekaru a gidan ban tuna ranar da na sa Baba dariya ba. In an gama, wa za a aika ya kai wa masu shi? Sale. Shi ya iya gaisuwa, shi ya san sunan kowane yaro a kowane gida, shi ya san wadda ta haihu da wanda ya yi zazzaɓi. Ni ina can ciki ina goge kasko. Sai aka wayi gari in an ci dambun gidan Baba Ilu a ce, "Kai, yaron nan Sale ya iya hannu." Dambun nawa, fuskar tasa. Na taɓa yi wa Baba maganar, ya ce, "Kai ma ka riƙa yi wa mutane murmushi mana." Shi ke nan amsar da na samu.

Da muka kama namu, ni na dawo Ƙaraye na kafa tebur a tasha, shi ya zauna Rogo. Masu sayena matafiya ne. Direbobin da za su Kudu, matan da za su ganin gida, iyayen da ke mayar da 'ya'ya makarantar kwana, malamai in za su fita da ɗalibansu bayan kaka. Akwai kuma masu ɗanɗano, su ma sana'arsu ke nan. Wani tsohon kamasho kullum sai ya tsaya, ya ɗeba, ya tauna, ya kalli sama, ya ce, "Na jiya ya fi." Na jiyan ma bai saya ba. Da irin wannan cinikin mutum ba ya riƙe gida. Abin da ke riƙe min gida aiki ɗaya ne, aikin Alhaji Sabo.

Alhaji Sabo ɗan kasuwar gyaɗa ne a Unguwar Hajji. Kowace shekara, duk wanda Allah ya kira Makka cikin danginsa da manoman da yake sayen gyaɗa a hannunsu, shi ke yi masa guzurin dambu, sadaka. Ba aikin taure ɗaya ko biyu ba ne, garke ake korowa daga kasuwa. Baba Ilu ne ke yi masa tun asali. Da kafaɗarsa ta gaza, ya ɗauke ni ya kai ni zauren Alhaji, ya ce, "Alhaji, ga hannuna." Ni, ba Sale ba. Sau ɗaya ke nan a rayuwata aka ajiye mu biyu aka ɗauke ni. Da aikin nan nake cika rumbu, da shi nake ɗinka wa iyali kayan Salla, da shi nake sayen dabbar da zan juya sauran shekara. In ya fita hannuna, teburin tasha ba ya ciyar da kaza.

Shekarar korona na sayi taurayen aikin tun da wuri, ina kiwonsu a gida don su yi tsoka. Sai aka ce bana ba tafiya Makka. Tasha ta mutu, ba mota, ba matafiyi. Ga dabbobi cike da gida suna kuka, dusa ta ƙare, harawa ta ƙare, suka koma cin dangar maƙwabci. Na yanka ɗaya na yi dambu, na zauna da shi har ya fara warin mai, muka cinye da yara da tuwo. Sauran na sayar yadda aka taya. Da damina ta faɗi na ɗauki fartanya na shiga ƙwadago a gonakin mutane, da furfurata, ina noma layi ɗaya da 'ya'yan abokaina. Na ga ana kallona.

A wannan shekarar dai, Sale ya tafi Kano wurin wani surukinsa. Ni na fito daga shekarar da tsagaggen tafin ƙafa, shi ya fito da inji.

Injin niƙa nama ne, da janaretonsa. A zuba ta sama, ya fito ta gaba kamar taliya. Da farko matan da ke yin samosa da kayan biki yake niƙa wa, suna layi da bokitansu tun daga ƙauyuka, don duk yankin nan ba wani sai nasa. Daga baya ya ce ai dambu ma zai yi. Ya dafa, ya zuba a inji, ya soya. Abin da nake kwana biyu ina yi kafaɗa na ciwo, shi kafin azahar ya gama ya yi wanka. Ya zuba a robobi masu murfi, ya manna takarda da hotonsa yana dariya. Ta waya ake saye, a sa a mota a kai Kano, a kai Zariya. Ya gina shago, ya sa tayil, ya sa fanka. Ya sayi sabon babur. Ya yi wa gidansu rufin kwano mai launi wanda ake hangowa tun daga titi. Yana sa farar shadda ranar aiki. Mahauci da farar shadda! Ni rigar da ba tabon mai a gidana ta Juma'a ce kaɗai.

Wani direba ya kawo min robar guda don tsokana, ya ajiye a teburina. Na buɗe na ɗaga wa rana yadda aka koya mana. Ba zare ko ɗaya. Gari ne, ɓarje-ɓarje. Na ce masa wannan tsakin kaji ne, ya kai wa kajinsa. Maganar ta zaga tasha, ta je har Rogo. Bayan kwanaki sai ga Sale ya tsaya da babur a gaban teburina, ya sauko, ya rusuna har ƙasa.

"Yaya Haladu, ina wuni? Ya iyali? Ya kafaɗar?"

"Lafiya lau take."

"An ce ka ga tsakina. Yaya, ai kaza ma baiwar Allah ce."

Ya yi dariya, 'yan tasha suka taya shi, ya sayi dambuna na kirki ya ce zai kai wa mahaifiyarsa, ya tafi. Ko zagin nawa sai da ya mayar da shi talla. An ce min har yanzu in mata sun je shagonsa cewa suke a ba su tsaki.

Da aka buɗe hanyar Makka aikin Alhaji ya dawo hannuna, na ci gaba da yi, na ɗauka an wuce wurin. Sai bana, ana saura kaɗan maniyyata su tashi, Alhaji ya aiko in je. Na same shi a zaure, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya yi ta kewaye-kewaye. Can ya ce 'ya'yansa sun kawo masa dambun roba daga Rogo, mutanen gida sun yaba.

"Malam Haladu, ba na son in zalunce ka, ba na kuma son in cuci baƙin Allah. Kai da shi gida ɗaya kuka fito. Kowa ya yi nasa ya kawo, in aika mota a ɗauko Baba Ilu. Wanda ya zaɓa shi zai yi aikin."

Na ce na yarda. Har na yi murmushi a hanya, abin da ba na yi. Baba Ilu ne fa, mai cewa dambu zare ne.

Ban taɓa yin dambu kamar na ranar ba. Da kaina na je na zaɓo taure ja, na murza ƙaho na shinshina, ba komai sai ƙanshin ciyawa. Man da aka tatsa a makon nan na samo. Na daka har taɓarya ta ɗebe min fata. Da na ɗaga wa rana, zaren kamar za a saƙa da shi.

Bayan la'asar muka haɗu a zauren. Sale ya riga ni, da farar shaddarsa, yana zaune a ƙasa kusa da Baba yana matsa masa ƙafa. Na daɗe ban je Gwangwan ba, sai na ga Baba ya ƙanƙance, kumatu sun faɗa ciki, hula ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Haladu ne? Har yanzu fuskar nan a ɗaure take?"

"Haka Allah ya yi ta, Baba."

Aka ajiye faranti biyu. Nawa ya fara ɗauka. Ya ɗebi kaɗan, ya juya wajen ƙofa inda haske ke shigowa, ya ɗaga, ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai. Na saci kallon Sale. Baba ya sa a baki. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Muna jira. Bakin na motsi, maƙogwaron bai motsa ba. Alhaji ya yi gyaran murya. Can Baba ya kawar da kai gefe kamar zai yi tari, ya sa hannu a baki, ya dunƙule hannun ya ajiye a cinya. Sannan ya jawo na Sale. Bai ɗaga wa haske ba. Ya sa a baki, ya mamula, ya haɗiye. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, ya lashi yatsa.

"Wannan ya wuce," in ji shi.

"To, alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "Magana ta ƙare. Na Sale ya wuce."

"A'a, Alhaji, tsaya. A maƙogwaro nake nufi."

Ya buɗe hannun nan da ya dunƙule. Ga dambuna a ciki, a jiƙe, a cure, yadda ya shiga haka ya fito. Ya buɗe baki ya nuna mana. Dasashi ne kawai, sama da ƙasa.

"Na Haladu shi ne dambu. Yajinsa ma ya fi, romonsa na ciki, wannan na Sale an tsiyaye shi, kada ka yi musu, ja'iri. Ni ne ba ni da bakin cinsa. Shekara nawa rabona da nama, sai yau."

Sale ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Ni na ce, "Baba, kai ka ce wanda ba zare a nemo masa wani suna."

"Na faɗa. Lokacin ina da haƙora."

Alhaji ya ja carbinsa. Sannan ya fara kiran masu tafiyar bana da baki. Gwaggonsa. Kawunsa na Yola. Liman na ƙauyen su matarsa. Wani manomi da tun Alhaji yana saurayi yake tara kuɗin gyaɗa don kujera. Ya ce, "Malam Haladu, wa ke zuwa Makka da kuɗin gyaɗa in ba wanda ya tsufa yana tari ba? Duk waɗannan in ka haɗa haƙoransu ba su cika baki biyu ba. Ashe shekarun nan jikoki nake yi wa guzuri. Shi ya sa gwaggo ta ce waccan shekarar maƙwabciyarta ta dawo da nata har gida."

Shekara da shekaru ina alfahari dambuna yana zuwa Makka ya dawo bai lalace ba. Ban taɓa tambayar me ya sa yake dawowa ba.

Alhaji ya ce, "Ga yadda za a yi. Ba na son in raba ka da aikin da Baba ya damƙa maka a zauren nan. Baba zai kwana biyu a wurina. In ka kawo naka, da wannan ɗanɗanon, wanda zai wuce masa, rabin aikin naka ne, rabi na Sale. In bai samu ba, Sale ya ɗauka duka. Sale, ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Da na koma gida akwai sauran dafaffen nama. Na ɗumama shi na mayar turmi, na daka, na daka, har ya zama kamar tuwo. Na soya. Ya cure ya zama ƙulalai, in ka fasa zaren na nan da tsawonsa. Turmi raba zare yake yi, ba ya yanka shi. Na gwada da wuƙa a kan katako, na ga in garke ne wannan sai maniyyata sun dawo ban gama ba. Matata Rakiya tana zaune tana tsince shinkafa, tana kallona.

"Malam, in faɗi magana?"

"Kar ki faɗa."

"Inji ɗaya ne a ƙasar nan, kuma ka san mai shi."

"Na ce kar ki faɗa."

"To ban faɗa ba. Hatsin da ke rumbu dai ba zai kai kaka ba, wannan kam na faɗa."

Ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Washegari daga sallar asuba na yanka ɗan tauren da ya rage min. Na gyara tsokar, na dafa da yajina yadda na saba, na bar romon ya koma ciki. Na juye a bokiti da zafinsa, na rufe, na ɗaure da ƙyalle, na hau motar farko zuwa Rogo da shi a cinya, yana ƙona ni. A hanya na gama shirya yadda za ta kasance. Sale ya ji sharaɗin Alhaji da kunnensa, ya san in ya niƙa min ya niƙe rabin aikinsa. Zai ce janareto ba mai, ko wuƙar injin ta dakushe, ko in dawo jibi. Ni kuma in ɗauko bokitina in dawo tasha in gaya wa kowa irin yaron da na koya wa riƙe wuƙa. Har kalmomin da zan faɗa na tanada.

Na tarar da mata a layi da bokitansu. Na bi bayansu na tsaya. Wata ta waiwayo ta ce, "Baba, samosa za ka yi?" Suka kwashe da dariya. Sale ya ɗago kai daga kan injin ya gan ni. Ya goge hannu, ya fito, ya rusuna.

"Yaya Haladu, ina kwana? Kai ne a layi? Kawo."

"Ba a zo kaina ba."

"Hajiyoyi, ku yi haƙuri, yayana ne, kuma nasa da zafi ake so."

Ya karɓi bokitin daga hannuna. Na jira maganar mai, ba ta zo ba. Sai ya kwance kan injin gaba ɗaya, ya wanke da ruwan zafi don kada ɗanyen naman matan ya taɓa nawa. Ya ciro wani faifan ƙarfe mai ƙananan huji daga aljihun tebur, ya ce wannan ya fi laushi, da shi ya yi na jiya, kuma in na zo suya in rage wuta fiye da yadda na saba, don niƙaƙƙe saurin ƙonewa gare shi.

Na ce, "Ka san abin da kake niƙawa?"

"Na sani, Yaya. Ranar da garken ya iso ka zo da sassafe, kafin mata."

Na sa hannu a aljihu, ya riƙe min hannu, ya ce in na fito da kuɗi zai kai ƙarata wurin Baba. Ko a nan ma sai da ya fi ni, a gaban mata. Ya ja igiyar janareto, ya tashi bugu ɗaya. Na naɗe hannun riga, na tara bokitina a bakin injin.